Bagwai: Yadda ‘misin’ ɗin inji ke cinye ribar masu akori-kura

Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatir da albasar rani ke fitowa daga gonakin da ke shan ruwan madatsar Watari a Ƙaramar Hukumar Bagwai ta Jihar Kano, babu abin da manomi ke nema ido rufe kamar mota. Tumatir ba ya jira. Idan an tsinke shi yau, so ake kafin rana ta take gobe kwandunan sun isa kasuwar Badume da ke kan titin Kano zuwa Katsina, ko 'Yan Kaba a cikin birni.

Motocin da ke wannan jigila daga ƙauyuka irin su Kiyawa da Gadanya da Romo galibi tsofaffi ne: akori-kura ƙirar Peugeot 504 irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, tsofaffin Toyota Hilux da Dyna, sai Mitsubishi Canter mai shan gas. Wasunsu sun girmi direbobinsu. Ciwon da ya fi damun su kuwa shi ne wanda kanikawa ke kira misin, wato inji ya riƙa tsallake bugu, mota na jijjiga tana tari, an taka totur tana kakarewa kamar wadda aka shaƙe.

Misin ba ya tsayar da mota nan take, shi ya sa ake raina shi. Direba ya ga tana tafiya ko da da ɗingishi, sai ya ce bari ya yi sawu ɗaya tukuna. Amma injin mai silinda huɗu da ɗaya ta daina ci ya rasa fiye da rubu'in ƙarfinsa, domin sauran ukun ne ke jan matacciyar. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin bangon silinda, ya zirara ƙasa ya tsinka man inji, saura kuma ya fita salansa ya riƙa fashewa. Gyaran da fulogi ɗaya zai isar masa, in aka yi makonni ana lallaɓawa, yana iya ƙarewa a sauke inji a yi ringin.

Wata asarar kuma a gareji ake yin ta. An saba a kawo mota, bakanike ya ɗan saurari ƙararta, ya ce a sayo fulogi. Aka sa, bai daina ba, ya ce kwayil ne. Daga nan kafireta. Daga Bagwai, kayan da ba a samu a Bichi ba sai an tura yaro Ƙofar Ruwa a Kano, wuni ya tafi ke nan, ga kuɗin mota, ga lodin da wani ya ɗauka. Irin wannan canki-canka ya fi kowane ɓangaren inji tsada. Alhali inji abu huɗu kawai yake buƙata kafin ya buga: wuta, mai, iska da matsi, kowanne a kan lokacinsa. Ana iya gwada su ɗaya bayan ɗaya, a fara da mai araha, ba tare da an sayi ko kusa ba.

Tambayar farko: yaushe take yi?

Ƙwararren bakanike kan fara da direba kafin ya taɓa sifana. Motar da ke tafiya lafiya ba kaya amma ta fara misin da an lafta mata kwanduna ko an hau tudu, galibi wutarta ce ta yi rauni, domin idan matsi ya ƙaru a cikin silinda tartsatsin na buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ya tsallaka bakin fulogi. Wadda ke rawa a sulo amma ta daidaita idan an ba ta wuta, a nemi inda take zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya, ko tiyo ya tsage ko gasket ɗin ƙasan kafireta ya saki. Wadda sai ta yi rabin awa tana tafiya ta yi zafi sannan ta fara, in ta huce kuma ta koma daidai, a zargi kwayil ko kwandensa. Wadda ke yi da damina ko bayan an wanke inji, murfin distiribita ne ya tsage ko wayoyin fulogi sun tsufa.

Daga nan sai a nemo silindar da ta mutu. A bar inji a sulo, a riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba a hannu, domin wutar ta kai dubban volt, kuma duk yaron garejin da ta taɓa fizga ba ya mantawa. Wadda aka zare inji ya ƙara rikicewa, lafiyarta ƙalau. Wadda aka zare bai ko nuna ya sani ba, ita ce. A motocin da wutarsu ta lantarki ce marar kwantak, a jingina wayar da aka zare kusa da jikin inji don kada a ƙona kwayil.

Sai a kwance fulogin wannan silinda a musanya shi da na maƙwabciyarta. Idan ciwon ya bi fulogin, magana ta ƙare. Idan ya tsaya inda yake, a musanya waya. Idan duk da haka bai motsa ba, to matsalar na cikin silindar kanta. Gwajin nan bai fi minti goma ba.

Fulogin da aka kwance ma yana ba da labari. Baƙi busasshe mai kunkunniya na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa ta ringi ko ta bawul. Fari fat kamar an gasa, mai ya yi kaɗan inji na zafi. Wanda kuma ya fi 'yan uwansa tsabta kamar an wanke shi, a duba lagireto, mai yiwuwa ruwa ne ke shiga ta gasket ɗin kai. Akwai kuma gwajin dare: a buɗe bonet cikin duhu inji na aiki, wayar da ke yoyon wuta za a ga shuɗin tartsatsi na tsalle a jikinta. In an mayar da wayoyi a kula da jerinsu, domin a yawancin injina masu silinda huɗu, har da na 504, bugun 1-3-4-2 ne, kuma ba sau ɗaya ba yaro ya sarƙe biyu aka kwana ana neman aljanin da babu shi.

Tsadar mai ta shigo cikin inji

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Wannan ya sauya yadda masu tsofaffin motoci ke riƙe su, kuma ya ƙara misin ta hanyoyin da ba kowa ke lura da su ba.

Direba ya daina cika tanki, sai lita biyar yau, bakwai gobe. Tsohon tankin ƙarfe da ke zama kusan wayam yana tara raɓa ya yi tsatsa, ɗan man da ke ƙasa kuma ya riƙa kaɗa dattin a kan hanyar burji har ya toshe filta ko jet ɗin kafireta. Wanda mai ya yanke masa a ƙauye kuwa dole ya saya wurin 'yan bumburutu, a jarkar da Allah kaɗai Ya san abin da ta ɗauka jiya. Gidan mai ma bai kuɓuta ba: a watan Fabrairun 2022 hukumomi sun amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima daga Beljiyam, abin da ya jawo dogayen layuka a faɗin ƙasa. Gane ruwa a mai ba wuya. A tsiyaya kaɗan a farar kwalba a ajiye, ruwan zai kwanta a ƙasa ana kallonsa.

Wadda ta fi waɗannan illa ita ce roƙon da direbobi ke yi wa kanikawa su “rage mata shan mai”. Sai a matse kafireta fiye da ƙa'ida. A sati na farko direba ya ga ya rage lita ɗaya ko biyu, ya yi murna. Amma injin da mai ya yi masa kaɗan yana misin a ƙarƙashin lodi, yana zafi, a hankali ya cinye bawul ɗin fitar hayaƙi. Kuɗin bawul da aikin kan inji sun ninka man da aka yi tattali.

Sai ƙura. Kakar tumatir a Watari ta faɗo daidai da hunturu, hanyoyin gona kuma ƙasa ce zalla. Filtar iska kan toshe cikin 'yan kwanaki, mota ta fara baƙin hayaƙi. Wasu maimakon su kakkaɓe ta ko su sauya, sai su huda ta ko su cire gaba ɗaya, mota ta “buɗe”. Ta buɗe ɗin kuwa, amma yanzu yashi take haɗiya, shi kuma yana goge ringi da bangon silinda kamar sanfefa. Haka al'adar cire tamostat da sunan ƙasarmu da zafi: da asubar hunturu injin ba ya kai zafin da ya kamata, fulogi su yi ta baƙi.

Kafin a ce a sauke inji

Idan wuta da mai da iska duk sun fita daga zargi, saura matsi. A nan ne ake yanke hukuncin da ya fi tsada, kuma a nan ya kamata mai mota ya dage sai an auna. Ma'aunin matsi ɗan agogo ne da ake ɗaurawa a ramin fulogi a buga sitata. Abin dubawa shi ne kada silinda ɗaya ta gaza 'yan uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Wadda ta gaza, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne. In bai tashi ba, bawul ne. Biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Kafin ma a buɗe kan inji, a duba tazarar bawul, domin wanda aka ɗaure da yawa ba ya rufewa sosai, kuma saita shi aikin rabin awa ne. Injina da yawa sun sauka, an sayo na Beljiyam da bashi, a kan abin da bai wuce wannan ba.

Masu Canter da sauran motocin gas ba su da fulogin wuta, amma dabarar ɗaya ce. A sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya inji na sulo, wanda aka sassauta ƙarar ba ta canza ba shi ne mai laifi. Kada a kai hannu kusa da feshin, yana iya huda fata. A injin gas, iska a layin mai da ruwa a gindin filta su ne kan gaba wajen kawo rawa da farin hayaƙi, don haka a tsiyaye ruwan, a fitar da iskar da ɗan famfon hannu, a duba tiyon da ya bushe. Injekta ita ce ta ƙarshe da za a taɓa, kuma ba aikin gindin bishiya ba ne, sai wurin masu injin gwaji a Kano.

Motocin da suka fi waɗannan ƙuruciya, masu kwamfuta, kan faɗi silindar da bakinsu idan an jona musu na'ura: lambar P0301 na nufin ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ta huɗu. Na'urar dai silindar kawai take nunawa. Ko fulogi ne ko nozul ko bawul, sai an koma an musanya an auna kamar yadda ake yi wa tsohuwar 504.