Gindaya Sharuɗɗa kan Guraben Tamfilet a Harshen C++

Manufar wannan takarda ita ce bayyana wata matsala da ta daɗe tana damun masu rubuta manhajar kwamfuta, da yadda aka shawo kan wani sashe nata.

A harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ya fara ginawa a 1979, akwai abin da ake kira tamfilet. Shi tamfilet umarni ne da ake rubutawa sau ɗaya, a bar gurbi inda za a sa nau'in abin da za a sarrafa, ko lambobi ne ko kalmomi. A kan wannan dabara Alexander Stepanov ya gina taskar nan ta STL, wadda kwamitin daidaita harshen ya karɓa a 1994.

To, amma ba kowane nau'i ya dace da kowane gurbi ba. Mu ɗauki umarnin std::sort, mai jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba. Yana bukatar a iya gwada abu biyu a san wanda ke gaba, kuma a iya tsallakawa kai tsaye zuwa kowane matsayi a jerin. Idan aka ba shi std::list, wanda sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya, aiki ba zai yiwu ba. A da, waɗannan sharuɗɗa a littafi kawai suke. Kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutu zuwa harshen na'ura, ba ta san da su ba sai ta nutsa can cikin taskar ta yi tuntuɓe, sannan ta zubo dogon ƙorafi wanda ko gwani sai ya sha wuya kafin ya gano kansa.

Abin mamaki, maganin ba sabo ba ne, domin harshen CLU na Barbara Liskov ya tanadi irinsa tun shekarun 1970. Kwamitin C++ ya yi yunƙuri, amma ya janye tsarin a taron Farankfot na 2009 saboda ya yi sarƙaƙiya. Sai a C++20 aka shigar da wani mai sauƙi, inda ake rubuta kalmar requires a lissafa bukatun gurbi, kwamfaila ta duba su tun daga bakin ƙofa.

Sai dai a ganinmu bai kamata a zuzuta abin ba. Kwamfaila tana iya tabbatar da cewa nau'i yana da alamar gwaji, amma ba ta iya tabbatar da cewa gwajin yana da ma'ana. Idan A ya gaza B, B ya gaza C, dole ne A ya gaza C. Wanda ya rubuta gwajin da ya saɓa wa wannan ƙa'ida, kwamfaila za ta karɓa ba musu, jerin kuwa ya lalace a lokacin aiki.