Ƙaramar tiyatar da ke gaggauta gyaran haƙora, da illolinta

Mai sanye da wayar daidaita haƙora yakan shafe kusan shekara biyu da ita a baki. Don rage wannan jira, wasu likitoci na amfani da dabarar Piezocision, wadda Serge Dibart na Jami'ar Boston ya gabatar a 2009. Ana ɗan tsaga dasashi, sannan wata na'ura mai karkarwa da sauri ta yanki ƙashin da ke riƙe da haƙoran. Yayin da jiki ke gyara raunin, ƙashin yakan yi laushi, sai haƙori ya riƙa motsawa da sauri.

Sai dai laushin na 'yan watanni ne, wani lokaci sai an sake yi.

Zafi da kumburi sukan lafa cikin kwanaki. Abin da ya fi damuwa shi ne tabo: wurin tsagar na iya barin alama a dasashi, kuma ga wanda dasashinsa ke bayyana idan ya yi murmushi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan saiwoyin haƙora sun matsu da juna, bakin na'urar zai iya taɓa ɗaya, shi ya sa ake fara ɗaukar hoton ƙashin. Mai ciwon dasashi, ko mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, ba a yi masa.