Tsohuwar Fijo da kasuwar cikin waya

A shekarun 1970 ta sama kayan haɗa Fijo suke shigowa ƙasar nan. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA kan taso daga birnin Liyon na Faransa su sauka a Kano, a kwashe akwatunan a loda wa manyan motoci zuwa Kaduna, inda masana'antar PAN da ke Kakuri ta fara haɗa motoci a 1975. Hakan ya zo daidai da lokacin da kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, ga bashin mota da gwamnati ke bayarwa. Babban malami, jami'in gona, ɗan kwangila, kowa burinsa Fijo 504. Gwamnatin soja ta Obasanjo ma ita ta mayar motar manyan jami'anta. Turai ta daina ƙera ƙaramar 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa motar da Bafaranshe ke lulluɓewa a gareji, sai ranar hutu ya fito da ita shan iska, a Kankiya da Kusada har gobe nema ake da ita.

Fasinja dai ya koma Golf da Sharon. Amma a-kori-kura tana nan, tana jan buhunan gero da wake da awaki daga ƙauyuka zuwa bakin titi a Gidan Mutum Ɗaya, ko zuwa kasuwar Caranci. Akwai kuma wani rukunin masu Fijo da ba haya suke yi ba: waɗanda suka gaji motar mahaifinsu, tana ajiye ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun sace, zuciya ba ta yarda a sayar ba. Duka biyun abu ɗaya ke tsayar da su, wato kayan gyara.

Yadda aka saba nema ba ɓoyayye ba ne. Bakanike ya kwance abin da ya lalace, a ƙunshe shi a leda, a ba yaron gareji ko direban da zai shiga Kano. A Ƙofar Ruwa mai shago zai karɓa, ya juya shi a hannu, ya shiga ciki ya fito da ɗan'uwansa, a jera su a gani. In babu a Kano a tambayi Panteka a Kaduna, in ta ƙi a aika Ladipo a Legas ko Nnewi. Tsarin ya yi aiki shekara da shekaru domin tsohon ƙarfen da kansa yake zuwa kasuwa ya ba da shaida. Abin da ya sauya shi ne kantar mai shago. Ɗan kasuwa abin da ke tafiya yake sarowa, yau kuwa Toyota da Honda da Golf ke tafiya. Ka tambayi kayan gyaran kafiretar 504, amsar da za ka fi ji ita ce, "Alhaji, babu a ƙasa, sai dai a duba maka."

Nan waya ta shigo, kuma sayayya iri biyu ce ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Ta farko ita ce ka tura wa mai shagon da ka sani hoto ta WhatsApp, ya turo nasa, ku daidaita, ka yi masa tiransifa, ya ba direba a tasha, kaya su iso Kankiya kafin magariba. Wannan tsohon ciniki ne, an dai rage kuɗin mota. In kaya ba su yi ba ka san ƙofar shagonsa, ka san maigidansa, akwai shugabannin kasuwa. Ta biyun ita ce saye daga wanda ba ka taɓa gani ba: mai talla a Jiji ko Facebook, ko kantunan ƙetare irin su eBay da AliExpress. Har akwai waɗanda tsoffin motocin Faransa ne kaɗai sana'arsu, kamar Serie04 a Faransa da Der Franzose a Jamus, ga kuma L'Aventure Peugeot, masu kula da gidan tarihin kamfanin a garin Sosho, su ma suna sayar da kayan tsoffin motoci ta intanet. A wannan kasuwar ba mai juya maka ƙarfe a hannu. Abin da ka rubuta shi za a aiko maka.

To, me za ka rubuta? In ka ce "504" kawai, ba ka faɗi komai ba. Daga 1968 da aka fito da ita zuwa ranar da ta ƙarshe ta bar Kakuri an doshi shekara 40, kuma an haɗa ta a Faransa da Ajantina da Kenya da Afirka ta Kudu da Ostireliya, kowa da ɗan abin da ya sauya. Akwai mai inji 1.8, akwai mai 2.0. Akwai mai kafireta ƙirar Solex, akwai wadda aka yi wa Turawa da ba ta da kafireta sam, famfon Kugelfischer ke fesa mata mai. Akwai masu shan dizal, waɗanda suka cika tallan Turai alhali namu yawanci fetur suke sha. A ƙarƙashi ma haka. Ƙaramar ta farko kowace tayar baya da nata hannun, birkinta na faifai ne gaba da baya. Wagon da a-kori-kura aksul ɗaya ne miƙaƙƙe a baya, birkin bayan na duram, sannan ita wagon a kan naɗaɗɗen sifirin take zaune, a-kori-kura a kan mai falle-falle. Shakazoba ko robar birkin ɗaya ba lallai ta shiga ɗayar ba, ko da kwalin ya ce 504 da manyan baƙaƙe.

Akwai wani tarkon da ya fi kama masu Turanci. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, don haka duk Fijon Kaduna sitiyarinta a hagu yake. Yaron da aka ba waya ya duba kuwa tallan Ingila zai fara buɗewa, domin shi yake iya karantawa, su kuma sitiyarinsu a dama yake. Sandar sitiyarinsu ba za ta hau tamu ba, haka allon gaban direba. Fitilar gaba za ta shiga raminta lafiya lau, sai dare ya yi a ga ɓarnar: an tsara gilashinta ya ɗaga haske ta hagu, inda gefen hanyarsu yake, a nan kuwa hagu idon direban da ke tahowa ne. Tallan Faransa da Jamus ya fi dacewa da mu, ko da sai an sa waya ta fassara.

Maganin duk wannan, a littafi, lamba ce. Kowane ƙarfen Peugeot yana da tasa, yawanci alƙaluma huɗu, ɗigo, sannan biyu, kuma a ƙarƙashin bonet akwai ɗan farantin da ke ɗauke da lambar motar. Amma littafin bai san garejin Kankiya ba. Shafukan zamani lambar shasi mai gurbi 17 suke tambaya, wadda ba ta zama ƙa'ida ba sai daga 1981, motocin da suka girmi haka ba su da ita. Abin da ya fi wannan ma, lambar tana faɗin yadda mota ta fito daga masana'anta ne, ba yadda take a yau ba. Fijon da ta shekara 30 tana aiki da wuya a ce ba a sauke mata inji ba. Wata injin 505 ke cikinta, wata an ɗaura mata abin cajin batir na motar Japan, an yi walda an faɗaɗa rami an ci gaba da tafiya. Wanda ya san wannan tarihin shi ne dattijon bakaniken da ya yi aikin, shi kuma ba lamba yake riƙewa ba, hannunsa ne ya sani. Yaron da ya iya bincike a waya bai taɓa kwance kuloci ba. A ganina, duk cinikin da ya yi kyau ta intanet sai da mutanen nan biyu suka zauna kan benci ɗaya, wannan yana cewa, "Baba, duba wannan," wancan yana cewa, "A'a, ƙirga haƙoran tsakiyar, namu ba haka yake ba." Awo da ƙirga su ne madadin kai ƙarfe kasuwa: faɗin faifan kuloci, yawan haƙoransa, tazarar ramukan noti, a rubuta a tura wa mai sayarwa kafin a biya ko kwabo.

Ko an dace da lamba, saura inganci. Masu tsoffin motoci a Turai suna rububin kayan da aka ƙera tun zamanin motar, aka ajiye a sito ba a taɓa ɗaurawa ba. In ƙarfe ne, kamar fistin ko haƙorin giya, babu kamarsa. In roba ce, a yi hattara, domin roba tana tsufa ko a cikin kwali take. Tiyon birki ko robar famfon birki da ta shekara 35 a sito ba sabuwa ba ce, kuma ba a kan titin Kano zuwa Katsina ya kamata a gano haka ba. A irin waɗannan, sabon ƙira daga kamfanin da aka sani ya fi. Sai jabu, wanda ba intanet ta kawo shi ba, mun daɗe da shi. Bambancin kawai, a shago bakanike kan ɗaga ya ji nauyi ya ce a mayar, a hoto kuwa kwali mai zanen zaki duk ɗaya ne.

Batun kuɗi ba ya son dogon bayani. A Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. A ɗauka ƙaramin abu ne na yuro 40, kuɗin aikowa yuro 30, ka ga an wuce naira 100,000 tun kaya ba su taso ba. Kuɗin aikowa da nauyi yake tafiya, don haka lagireto ko giyabos ko ƙofa ba abin saye daga Turai ba ne. Bankuna da dama sun toshe sayayyar ƙetare da katin naira daga 2022, sai a 2025 suka fara buɗewa, da iyaka. A Satumbar 2025 hukumar Kwastan ta sanar da yafe kuɗin fito kan ƙananan saƙonnin da ba su wuce dala 300 ba, wanda sauƙi ne ga mai sayen kayan kafireta ko kwantak. Amma kamfanonin kai saƙo a birane suke, mutumin Kusada adireshin ɗan'uwa a Kano ko Katsina zai bayar, daga nan a sake bin tasha. In kuma aka buɗe aka ga ba shi ba ne, kuɗin mayarwa kan fi kuɗin kayan. A nan yake zama.

Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama, amma malamanmu ba su rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta kan hukuncin sayar da abin da ba ya wurin ciniki. Malikiyya sun halatta shi in an siffanta kayan sosai, sai dai ba su yarda a shardanta biyan kuɗi tun kafin a gani ba, in ba wurin na kusa ba ne ko kayan irin waɗanda ba sa sauyawa. Marubucin ya rasu fiye da shekara dubu, amma inda ya sa yatsa nan ne 'yan damfara ke cin kasuwa yau. Hoton wani za su ɗauko su liƙa, su sa farashi mai daɗi, su ce akwai wanda ke jira, a yi sauri a tura. Shafin Jiji da kansa yana gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya. Mai gaskiya ba zai ƙi kiran bidiyo ba, ba zai ƙi ɗora ma'auni a kan ƙarfen ka gani ba, ba zai ƙi wani naka da ke Legas ya je ya duba ba. eBay tana da tsarin mayar wa mai saye kuɗinsa in kaya ba su zo ba ko sun saɓa wa talla, amma sai in ta cikin shafin aka biya. Da zarar mai sayarwa ya ce ku koma gefe zai rage maka, kariyar ta faɗi.

Abin da ya fi damuna ba abin da muke saye ba ne, abin da muke zubarwa ne. A Turai gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara shi ya cinye bodin tsoffin motocinsu, shi ya sa ƙofa ko bonet marar tsatsa ke da daraja a wurinsu. Mu a Arewa rana ce ke cinye roba da fenti da kujeru, ƙarfen kuwa yana nan garau saboda bushewar ƙasa. Abin da suka rasa muna da shi, abin da muka rasa, ƙananan robobi da gasket da kayan cikin kafireta, su suke da shi, kuma su ne marasa nauyin da aikowa ba ta fi ƙarfin mutum ba. Intanet ɗin da muke shiga da kuɗi a hannu, ana iya shiga da kaya a hannu. Ko ba a kai ga Turai ba, mai a-kori-kura a Ingawa ko Maraɗi yana neman abin da ke ruɓewa a bayan gidan wani a Kusada, ba wanda ya haɗa su.

Kafin a haɗa su, 'yan gwangwan sun riga kowa isa. Su da kilo suke saye, a sare mota gunduwa-gunduwa a loda zuwa kamfanonin narka ƙarfe, kuma ba laifinsu ba ne, sana'arsu ke nan. Magada ne ke karɓar kuɗin nauyi a kan abin da kuɗinsa ba a nauyi yake ba. Giyabos mai lafiya, kafireta ta asali, aksul na baya, hannayen ƙofa, agogon gaban direba, zakin da ke hancin motar, kowanne da mai nemansa in an kwance an ɗauki hoto an rubuta lambarsa. Gilashin gaba da fitilun baya, waɗanda yau suka fi wuyar samu na asali, ko sikeli ba sa hawa tun da ba ƙarfe ba ne. Guduma ake sa musu don a ji daɗin sara.