Silvio Berlusconi: Attajirin Italiya Da Siyasarsa Ta Iso Har Hanyar Sahara

Yawancin 'yan kasuwarmu na Tamanrasset, Ingizam da Asamaka sun san sunan Silvio Berlusconi ne ta dalilin ƙwallon ƙafa, domin shi ne mai ƙungiyar AC Milan daga 1986 zuwa 2017. To amma abin da ya shuka a fagen siyasa ya fi shafar masu bin wannan hanya tamu.

An haifi Berlusconi a birnin Milan a 1936, ya kuma tara dukiyarsa ta hanyar gine-gine da gidajen talabijin. A 1994 ya kafa jam'iyyar Forza Italia, cikin 'yan watanni ya zama firaministan Italiya, sai dai gwamnatin ta rushe tun ba ta cika shekara ba. Ya dawo daga 2001 zuwa 2006, ya sake dawowa daga 2008 zuwa 2011. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu babu firaministan da ya kai shi daɗewa a kan wannan kujera.

Inda labarinsa ya haɗu da namu shi ne Bangazi. Ranar 30 ga Agusta 2008 ya ƙulla yarjejeniya da Kanar Gaddafi, inda Italiya ta amince ta biya Libiya dala biliyan 5 cikin shekara 20, diyyar mulkin mallaka. Ita kuwa Libiya ta ɗauki alkawarin tare baƙin hauren da ke tsallaka teku. A watan Mayun 2009 jiragen ruwan Italiya suka fara kama mutane a tsakiyar teku suna mayar da su Libiya ba tare da an saurare su ba. A 2012 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke hukuncin cewa hakan ya saɓa wa doka.

Amincin nasu bai yi ƙarko ba. Berlusconin da ya sumbaci hannun Gaddafi a Sirte a 2010, shi ne ya ba jiragen yaƙin NATO filayen tashi a 2011. An kashe Gaddafi a watan Oktoba, shi ma Berlusconi ya sauka a Nuwamba, bashi ya yi wa ƙasarsa katutu. A 2013 kotu ta tabbatar masa da laifin zambar haraji, aka kore shi daga majalisar dattawa. Ya koma majalisar a 2022, ya rasu ranar 12 ga Yuni 2023.

Rushewar Libiya ta koro dubban 'yan Nijar gida, masu neman abinci da dama suka juya akalarsu zuwa Aljeriya. A Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92, galibinsu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan sun bar Arlit za su Tamanrasset. Dabarar nan ta tare mutum tun bai kai bakin teku ba, Turai ta ci gaba da ita, har Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, wadda aka soke a Nuwamban 2023.

Duk ɗan kasuwar da ya yi lodin dabino ko taliya a waɗannan shekaru ya san yadda shingaye suka ƙaru, bincike ya tsananta, direbobi suka koma bin ɓarauniyar hanya. Saboda haka idan aka ji rediyo na labarin zaɓe a Italiya, kada a ce ba ruwanmu. A kasa kunne, a kuma riƙe takardun tafiya a cike. Allah Ya kiyaye hanya.