Galahanga da Kunya a Gidajen Ƙofar Marke

Alamomin galahanga da Leo Kanner ya bayyana a 1943, bayan nazarin yara 11, sun haɗa da ƙaurace wa mutane, maimaita maganar wasu, da ƙin sauyin abin da aka saba. A unguwa irin Ƙofar Marke ta Sakkwato, inda sunkuyar da kai gaban manya ladabi ne, yaron da ba ya haɗa ido sai a ce kunya gare shi. Hankalin iyaye ba ya tashi sai magana ta ƙi zuwa, sannan a zargi iska ko sammu. Uwa kan guji asibitin ƙwaƙwalwa na Kware don kada a kira ɗanta mahaukaci, alhali a shekarun farko ne horon magana ya fi tasiri.