Cusa Ɗabi'un Birtaniya a Zukatan Yara: Nazari a Kan Makarantun Firamare na Ingila

1.0 Gabatarwa

Kowace al'umma tana da hanyar da take bi wajen miƙa wa 'ya'yanta abin da ta ɗauka shi ne halin kirki. Bisa al'ada, gida da unguwa da wurin ibada su ne ke ɗauke da wannan nauyi, makaranta kuwa tallafawa take yi. A Ingila, tun daga shekarar 2014 hukuma ta ɗora wa kowace makaranta alhakin cusa wa yara abin da ta kira ginshiƙan ɗabi'un Birtaniya. Wannan maƙala za ta bayyana asalin wannan umurni, da yadda ake aiwatar da shi a makarantun firamare, inda yara 'yan shekara 5 zuwa 11 suke karatu, sannan ta dubi saɓanin da ya haifar. Ya kamata a lura cewa Ingila kaɗai umurnin ya shafa, domin Sikotilan da Wels da Ailan ta Arewa kowace tana tafiyar da sha'anin iliminta da kanta.

2.0 Asalin Umurnin

Ɗabi'un da ake magana a kansu huɗu ne: dimokuraɗiyya, da fifikon doka a kan kowa, da 'yancin ɗan'adam a kan kansa, da kuma girmama juna tare da haƙuri da mabiya wasu addinai da aƙidu. Wannan jeri bai samo asali daga manhajar karatu ba. An tsara shi ne a shekarar 2011 a cikin kundin shirin Prevent, watau shirin gwamnati na hana mutane faɗawa ta'addanci, inda aka fassara tsattsauran ra'ayi da cewa shi ne yin adawa da waɗannan ɗabi'u da baki ko a aikace. A 2012 sai aka shigar da su cikin ƙa'idojin aikin malanta, aka ce kada malami ya yi musu zagon ƙasa.

Abin da ya mayar da hani ya koma umurni ya faru ne a birnin Birmingham. A farkon 2014 wata takarda marar sa hannu ta ɓulla a jaridu, tana zargin cewa wasu Musulmi sun ƙulla makircin ƙwace ragamar wasu makarantun gwamnati. Duk da cewa mutane da yawa sun ɗauki takardar a matsayin ta jabu, hukumar duba makarantu, watau Ofsted, ta binciki makarantu 21, ta sanya 5 daga cikinsu a jerin masu bukatar gyara na musamman. Peter Clarke, tsohon shugaban sashen yaƙi da ta'addanci na 'yan sandan Landan, ya gudanar da nasa binciken. Bai sami shaidar ta'addanci a makarantun ba, amma ya ce akwai yunƙurin da aka tsara na shigar da ra'ayin addini mai tsauri. A watan Yuni na wannan shekara Sakataren Ilimi, Michael Gove, ya sanar cewa dole ne makarantu su himmatu wajen yaɗa ɗabi'un, kuma a watan Nuwamba ma'aikatar ilimi ta fitar da takardar jagora. Bugu da ƙari, wata dokar tsaro ta 2015 ta wajabta wa makarantu da gidajen renon yara lura da duk wanda ake tsoron za a ja shi zuwa ta'addanci.

3.0 Yadda Ake Aiwatarwa

Babu wani darasi a jadawalin makaranta mai suna ɗabi'un Birtaniya. Saƙa su ake yi a cikin sauran darussa da kuma harkokin yau da kullum, domin yaro ɗan shekara 6 ba zai fahimci ma'anar dimokuraɗiyya ta hanyar hadda ba, sai dai ta hanyar yi.

Alal misali, malama za ta kawo littattafai biyu, ta ce yara su ɗaga hannu su zaɓi wanda za a karanta. Waɗanda suka sha kaye za su koyi zama su saurari zaɓin mafi rinjaye, tare da sanin cewa gobe ma rana ce. A manyan azuzuwa akan zaɓi wakilai zuwa majalisar ɗalibai ta hanyar jefa ƙuri'a a akwati. Dangane da doka kuwa, akan zauna da yara a farkon zango a tsara dokokin aji tare da su, a tattauna dalilin kowace doka da hukuncin wanda ya karya ta, ta yadda za su gane cewa doka ba son ran malami ba ce. 'Yanci yana bayyana ne a damar da ake bai wa yaro ya zaɓi abin da zai yi, ya faɗi ra'ayinsa, ya kuma ce a'a idan an taɓa shi ta hanyar da ba ya so. Girmama juna kuma akan koyar da shi a darasin addini, inda ake bayanin Kirsimeti da Idi da Diwali, a wasu lokuta har a kai yara ziyara coci ko masallaci ko wurin ibadar Yahudawa.

4.0 Saɓanin Ra'ayi

Masu goyon baya suna ganin cewa a ajin da ya tara yara masu harsuna da addinai iri-iri dole ne a sami abin da ya haɗa su, kuma waɗannan ɗabi'u su ne garkuwar marasa rinjaye tun kafin kowa. Masu suka kuwa sun kawo hujjoji uku.

Ta farko ta shafi suna. Dimokuraɗiyya da girmama juna ba mallakar wata ƙasa ba ne, don haka jingina su ga Birtaniya yana iya sa yaron da iyayensa suka fito daga Pakistan ko Somaliya ya zaci cewa gidansu ba a san su ba. Sunan ya kuma rikita wasu makarantu, har suka cika allon bango da hotunan tuta da sarauniya da kofin shayi, alhali waɗannan alamomin ƙasa ne, ba ɗabi'u ba.

Ta biyu ta shafi tushe. Tunda daga shirin tsaro aka ciro ɗabi'un, malami ya zama mai reno kuma mai sa ido a lokaci guda. Yaron da ya san ana auna kalamansa yakan kame bakinsa, wanda hakan ya saɓa wa 'yancin da ake son koya masa. Wannan damuwa tana cikin abin da ya sa taron ƙungiyar malamai ta ƙasa na 2016 ya nemi a janye shirin Prevent daga makarantu.

Ta uku ta shafi kalmar haƙuri. Mutum yakan yi haƙuri ne da abin da ba ya so, kuma mai ƙarfi ne yakan ce ya yi haƙuri da marar ƙarfi. Masu suka suna nuni da cewa dokar ilimi ta 1988 ta tanadi taron ibada kullum a makarantun gwamnati, wanda akasarinsa ya kasance bisa tafarkin Kirista, ko da yake iyaye suna da ikon janye 'ya'yansu.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa umurnin ya tsaya a kan gaskiyar da Bahaushe ya daɗe da faɗa, cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai yaro ya fi koyi da abin da ya ga ana yi fiye da abin da aka liƙa a bango. Inda aka ƙirga ƙuri'arsa, aka saurari ƙararsa, aka hukunta shi daidai da ɗan kowa, to ya riga ya karɓi ɗabi'un ko da bai san sunansu ba. Inda kuwa ya fahimci cewa ana koyar da su ne saboda ana zargin irinsa, to zai haddace su ne domin ranar da masu duba makaranta za su zo.