Hoshab, gidan sarkin Kurdawa bisa dutse

Kurdawa mutanen duwatsu ne. Suna da harshensu, ana ce mishi Kurdanci. Yau ƙasarsu ta rabu cikin ƙasashe huɗu: Turkiyya, Iran, Iraƙi da Siriya. Wanda ya taɓa jin labarin Salahuddini Ayyubi, to ya san Bakurde guda, don shi ma daga cikinsu ya fito.

A zamanin da, Kurdawa ba su da sarki guda. Kowace zuriya da sarkinta, kowane sarki da wurin tsaronshi. Bari mu duba ɗaya daga cikin wuraren nan, sunanshi Hoshab.

Hoshab yana gabashin Turkiyya, bisa hanyar da ta tashi daga birnin Wan ta nufi Hakkari da iyakar Iran. Daga Wan zuwa can tafiyar kilomita 50 ce da ƴan kai. Ma'anar sunan ita ce "ruwa mai daɗi", don akwai gulbi da ke wucewa gindin dutsen. Ƙasa ce mai tudu da sanyi ƙwarai, da hunturu ƙanƙara ta kan rufe ko'ina.

Masu wurin su ne Mahmudawa. Sun samo sunan daga kakansu Shehu Mahmudu, wanda ya samu ƙasar tun ƙarni na 15. Wani sarkin Kurdawa mai suna Sharaf Han ya ba da labarinsu cikin littafinshi Sharafnama, wanda ya gama rubutawa a shekara ta 1597.

Mahmudawa sun zauna tsakanin giwaye biyu. Yamma da su akwai daular Usmaniyya ta Turkawa, mai babban birni Santambul. Ku lura, ba ita ce daular Shehu Usumanu ta Sakkwato ba, suna ne ya zo ɗaya. Gabas kuma akwai daular Safawiyya ta Farisa. Daulolin nan biyu sun daɗe suna yaƙi. A 1514 sunka gwabza a Caldiran, a 1548 Turkawa sunka ci birnin Wan. Ƙaramin sarki da ke tsakiya, ina zai sa kanshi? Sarakunan Mahmudawa wani lokaci su bi Farisa, wani lokaci su bi Turkawa, har daga baya sunka tsaya bayan Turkawa. Su kuwa Turkawa sunka bar musu sarautarsu ta gado, su kuma su tsare iyaka, su ba da mayaƙa in an nema.

A 1639 daulolin biyu sunka yi sulhu, anka shata iyaka. Shekara huɗu bayan haka, a 1643, sarkin Mahmudawa Sari Sulaimanu ya gina wurin kamar yadda ake ganinshi yau. Ta yaya munka san shekarar? An rubuta ta bisa dutse, saman ƙofa, da harshen Farisa. Ku ga amfanin rubutu: magina sun mutu, jikokinsu sun mutu, amma rubutun yana nan yana ba da shaida.

Ginin kashi biyu ne. Daga ƙasa akwai ganuwa ta tubalin laka, wadda ta kewaye garin talakawa. Daga sama, can ƙwanƙolin dutse, akwai gidan sarki, shi da duwatsu anka gina shi. Ba a shiga sai ta wata hasumiya mai kauri. Ƙyauren ƙofar na ƙarfe ne. Saman ƙofar an sassaƙa zakoki biyu, don baƙo shi san gidan wa ya zo.

Ciki akwai fada inda sarki ke ganawa da jama'a, akwai ɓangaren mata, masallaci, ɗakin wanka, wurin gasa burodi, da kurkuku. Akwai kuma tafkin ajiyar ruwa. Wannan tafki ya fi ƙyauren ƙarfe muhimmanci. Abokan gaba in sun kasa hawa dutse, sai su kewaye shi su zauna, su jira ƙishirwa ta yi musu aiki. Wanda ya tanadi ruwa da hatsi, shi ke iya jira har su gaji su tafi.

Wurin bai tsaya ga yaƙi kaɗai ba. Hanyar ayari ta bi gindin dutsen, kuma daga sama ana hangen duk mai wucewa. Mai riƙe da dutsen shi ke riƙe da hanya. A 1671 anka gina gada mai baki uku bisa gulbin, da farin dutse da baƙi, har yau tana tsaye.

To mi ya kashe Hoshab? A ƙarni na 19 sarakunan Santambul sunka ce ba su son ƙananan sarakuna, su za su riƙe ko'ina da ma'aikatansu. A 1847 sunka ci babban sarkin Kurdawa Badar Han da yaƙi. Daga lokacin sarautun Kurdawa sunka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Da sarauta ta ƙare, babu mai biyan masu gadi, babu mai yaɓe. Ruwan sama da ƙanƙara sunka cinye ganuwar laka kaɗan-kaɗan.

Yau babu mai kwana ciki. Ƙauyen da ke gindin dutsen, hukuma ta sa mishi sunan Turkanci, Guzelsu, ma'anarshi kusan ɗaya ce da ta farko. An yi ta gyaran ginin, baƙi kuma suna zuwa kallo.

Tambayoyi

1. Mi ce ce ma'anar sunan Hoshab?
2. Wa ya gina wurin, kuma a wace shekara?
3. Don mi tafkin ruwa ya fi ƙyauren ƙarfe muhimmanci?
4. In akwai tsohuwar ganuwa garinku, wa ke kula da ita?